Kwalbar da Gwaggo ta adana mini a akwatinta

Assalamu alaikum Anti Rahmatu,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye, domin yadda kaina yake a ɗaure haka maganar za ta fito. Na san matsalar aure da ta dangi aka saba kawo miki. Tawa ta ɗakin gwaji ce, amma ta biyo ni har gida, yanzu ni kaina ban san a wane layi zan sa ta ba.

Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a fannin sinadaran jiki a nan Dutsin-Ma. Ina da aure da 'ya ɗaya. Asalina 'yar Kurfi ce, kuma a hannun Gwaggo Larai na tashi, yayar mahaifina, tun bayan rasuwar mahaifiyata ina ƙarama. Gwaggo ba ta yi boko ba ko na rana ɗaya, amma da ƙuli-ƙulinta da ƙanƙararta na yi nawa. Ki riƙe wannan, don shi ne ya sa bakina ya yi nauyi.

Dole in ɗan yi miki bayanin aikina, in ba haka ba ba za ki gane abin da ke damuna ba. Jikin mutum da na dabba cike yake da furotin iri-iri, kowanne da aikinsa. Idan wani ya tsufa ko ya lalace, ba a barinsa ya yi ta zama. Akwai wasu sinadarai da muke ce wa enzayim, aikinsu su bi irin wannan furotin su liƙa masa alama, kamar yadda mahauci yake shafa wa ragon da ya saya fenti a kasuwa. Duk wanda aka sa wa alamar, jiki zai kai shi a niƙe a zubar. Idan masu sa alamar nan suka yi yawa ko suka yi kaɗan, ana iya samun cuta. Ɗaya daga cikinsu nake bi a hantar ɓeraye, ina duba ko ruwan ganyen sabara yana rage shi. Ita ma sabarar daga bakin Gwaggo na ɗauko ta, don tun ina yarinya ba ta da maganin da ya wuce ta, kuma ita ta sa aka yo mini ganyen daga dajin Birchi.

To ido ba ya ganin wannan enzayim. Sai da wani ruwa mai suna antibodi, wanda ake fitarwa daga jinin zomo a ƙasashen waje, an sa jikin zomon ya ƙera shi don ya gane wannan enzayim ɗin shi kaɗai. Idan muka shimfiɗa furotin ɗin hanta a kan wata takarda ta musamman muka zuba masa, sai ya je ya kama abin da ya sani, baƙin layi ya fito. Layi mai kauri na nufin enzayim yana da yawa. Siririn layi ko babu layi na nufin ya ragu. Ruwan yana zuwa ne a wata 'yar kwalbar roba da ba ta kai ƙaramin yatsana ba, abin da ke ciki bai fi ɗigon hawaye biyu ba, kuma takardarsa ta ce kada ya bar cikin ƙanƙara. Malamina, Dakta Mahmuda, watanni ya yi yana bin wani abokinsa a Turai kafin ya samo mana guda ɗaya tak, ni da abokin karatuna Musaddiq mu raba.

Kafin azumi na gwada hantar ɓerayen da ba a ba sabara ba. Layi ya fito baƙi ƙirin, har na ɗauki hoto na kai wa mijina, ya duba ya ce shi dai bai ga komai ba sai zane. Sauran ɓerayen, masu shan sabara, sai bayan Sallah za su kai lokacin gwaji.

A goman ƙarshe Dakta ya tafi Umara, makaranta ta yi hutu, sai kuma transfomar unguwar makarantar ta ƙone, ɗakin gwajinmu ya rasa wuta. Musaddiq ya kwashi samfuran hantar ya kai Katsina wurin wani abokinsa mai firiza. Kwalbar kuwa a wata ƙaramar firiza take daban, duk muka manta da ita, sai washegari na tuna ina tsakar wanke-wanke. Na je na tarar ƙanƙarar ta fara narkewa. Gidanmu babu sola. Ban kira Dakta ba, don na ga mutum yana gaban Ka'aba ba zan kira shi da zancen firiza ba. Sai na tuna 'ya'yan Gwaggo sun haɗa mata firiza mai sola a Kurfi, wadda take sana'ar ƙanƙara da ita, kuma ba ta mutuwa dare da rana. Na sa kwalbar a kular abinci, na cika da ƙanƙara, na hau mota da azumi a bakina.

Da na isa na tura kular can ƙasan firiza, ƙarƙashin ledojin ƙanƙara. Na gaya wa Gwaggo kada kowa ya taɓa, abin makaranta ne, tsadarsa ta kai ta ɗan maraƙi, kuma babu irinsa a duk jihar. Ta tambaye ni mene ne, na ce daga jinin zomo ake yinsa, ta yi ta dariya tana mamakin zomon da ya fi maraƙi. Anti, na yi ta juya wannan hira a raina, ina neman inda na ce mata sanyin ne ransa. Ban samu ba. Na ɗauka wanda ya ga an sa abu a firiza ya san sanyi yake so. Ita kuma ashe ta ɗauka ɓoyewa na yi.

Kin san firizar mai ƙanƙara da azumi. Daga la'asar zuwa shan ruwa hannu nawa ne zai shiga, maƙwabta na kawo zoɓo da kunun aya a sa musu, kowa na tono. Gwaggo ta ce ranar da na tafi ma sau biyu ta ga an ɗago kular ana tambayar ko fura ce. Hankalinta bai kwanta ba. A wurinta abu mai daraja ba ya kwana inda kowa ke sa hannu. Sai ta ciro kwalbar, ta ga takardar jikinta ta jiƙe, ta ɗora ta a faifai ta sha iska har ta bushe, ta naɗe ta a sabon ɗankwali, ta buɗe akwatinta na ƙarfe ta sa ta a can ƙasa. Akwatin da take ajiye 'yan kunnenta na zinare, da hoton mijinta, Baffa marigayi, da likkafaninta da ta jiƙa da zamzam shekarar da ta sauke farali. Ta kulle, ta mayar da mabuɗin bakin zanenta.

Ban koma ba sai da na je gaisuwar Sallah, kusan mako biyu ke nan. Ina shiga na nufi firiza, ta riƙo hannuna tana murmushi ta ja ni ɗaki. Ɗakin kwano ne, babu silin, a tsakiyar bazara. Ta ɗaga likkafanin da hannu biyu, ta ciro ɗankwalin, ta miƙo mini tana cewa ga amanar ɗiyarta, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Kwalbar da ɗumi a hannuna, tana ƙamshin turaren wuta. Na zauna a bakin gado. Ta tsaya tana kallon fuskata tana jiran yabo. Wallahi Anti, godiya na yi mata. Na ce Allah ya saka da alheri, Gwaggo. Kuka sai a mota na yi shi.

Da aka gyara wuta na mayar da kwalbar firizar makaranta ban ce wa kowa komai ba. Musaddiq ya san tana Kurfi a firiza mai sola, kuma lokacin da na gaya masa haka gaskiya ne. Na shiga karance-karance a waya. Wasu su ce irin wannan ruwa yana da jimiri, yakan yi kwanaki a waje bai lalace ba. Wasu su ce a zubar kawai. Amma duk masu maganar a ƙasashen sanyi suke, babu wanda ya rubuta komai a kan akwatin ƙarfe a Kurfi. Na karanta har na daina gane abin da nake karantawa.

Sai na gwada ɓerayen da suka sha sabara. Layin ya fito siriri, da kyar ake ganinsa. Ga inda ruɗanin yake. Wannan shi ne daidai abin da muke fata tun farko, wato sabara ta rage enzayim. Kuma shi ne daidai abin da za a gani idan antibodin ne ya mutu a akwati. Hoto ɗaya ne, amma labari biyu yake bayarwa, kuma ban san wanne ne nawa ba.

Dakta ya dawo ya ga hoton, ya tashi tsaye. Mutum ne da ba ya yabo, shekara biyu ina ƙarƙashinsa ban taɓa jin ya ce madalla ba, ranar sau uku ya faɗa. Ya ce daga baya za a maimaita, amma a yanzu in rubuta taƙaitaccen bayani a tura taron masana da za a yi a Zariya, kuma an kusa rufe karɓa. Ya kuma ce abin da ya rage a kwalbar na Musaddiq ne, ya fara nasa gwajin sati mai zuwa. Shi kuma Musaddiq samfurinsa kaɗan ne, kuma aurensa ma an ce sai ya gama.

Na san akwai hanyar ganewa. In ɗauko ragowar hantar ɓerayen farko da ta masu sabara, in jera su a takarda ɗaya, in zuba musu ruwa ɗaya a rana ɗaya. Idan na farkon suka ba da layi mai kauri kamar da, antibodi na da rai. Amma yin haka zai ci daga rabon Musaddiq, kuma sai na faɗi dalili. Kuma, in gaya miki gaskiya, tsoron amsar nake ji.

Mijina Dalhatu ya ce in yi shiru, Allah ne ya rufa mini asiri, tunda sakamako ya yi kyau me zan tono. Ya ce ai ban yi ƙarya ba, ba a tambaye ni ba ne. Wani lokaci sai in ji kamar yana da gaskiya, don wataƙila ruwan lafiyarsa ƙalau, in je in zubar da mutuncina a banza. Wani lokaci kuma sai in kasa haɗa ido da Musaddiq idan ya gaishe ni. Idan na faɗa, ina jin kunyar a ce mai neman digiri na biyu ta kai kayan gwaji gidan ƙanƙara. Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne Gwaggo ta zama abin dariya a sashenmu, a riƙa ba da labarin tsohuwar da ta sa antibodi a cikin likkafani. Ita kuwa tuni ta cika unguwa da cewa ɗiyarta ta tabbatar wa Turawa sabara magani ce, kuma ita ta yi gadin maganin gwajin da kanta. Ranar Juma'a ma ta aiko mini da wani ganyen, wai ko ya ƙare.

Anti, in faɗa wa Dakta ko in bari? Idan zan faɗa, in ambaci Gwaggo ko in ce firizar ce ta mutu? Ita Gwaggon fa, in bar ta da farin cikinta? Bayanin taron yana buɗe a kwamfutata, na rubuta sunana da na Dakta a sama, na kasa ƙara ko kalma ɗaya.

Taki,
Mai kwalba a hannu, daga Dutsin-Ma

Wa alaikumus salam 'yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. A karon farko na yi dariya a wurin faifai, a na biyu ban yi ba. Ni ba masaniyar kimiyya ba ce, don haka na kai wa wata ƙawata da ta daɗe tana aikin ɗakin gwaji labarin, ba tare da suna ko gari ba. Ta ce irin wannan ruwa yakan jure fiye da yadda ake tsoro, yakan kuma mutu, kuma babu mai iya faɗa miki daga nesa, sai an gwada. Ta ce gwajin da kika ambata da kanki shi ne gwajin. Ashe kanki bai ɗaure yadda kike zato ba. Kin san hanyar, tsoro ne ya tsaya a kanta.

Bari in fara da abin da kika yi daidai. Kin ga kayan mutane na narkewa, kika ɗauka da azumi a bakinki kika kai inda kika san akwai sanyi. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma duk wanda ya yi aikin gwaji a ƙasar nan ya taɓa kai wani abu firizar da ba ta makaranta ba. Kuskurenki biyu ne. Na farko, ba ki faɗa wa Gwaggo abu ɗaya da ya kamata ta sani ba. Wannan ya wuce. Na biyu, kin mayar da kwalbar kin yi shiru. Wannan bai wuce ba, kullum ƙaruwa yake, kuma ranar da Musaddiq ya zuba ruwan nan a kan samfurinsa ya tashi daga kuskure ya zama cutarwa.

Maigidanki ƙauna ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa, ba ya son ya ga kin wulaƙanta. Ki gode masa, amma kada ki bi. Rufin asiri shi ne Allah ya sa kin san abin da ya faru tun bayanin bai bar kwamfutarki ba. Ki yi tunanin ranar da za ki tsaya a Zariya gaban masana, wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko rana ɗaya aka gwada rukunin ɓerayen biyu. Ko kuma a ƙi tambaya, magana ta bazu cewa an tabbatar a jami'a, masu ciwon hanta su bar asibiti su koma sabara. Kin fi ni sanin yadda irin wannan labari yake gudu a garuruwanmu, tunda ga shi Gwaggo ta riga ta fara.

Saboda haka ki je wurin Dakta Mahmuda gobe, kafin ki ƙara harafi a bayanin nan. Ki same shi shi kaɗai a ofis. Ki faɗa masa a taƙaice: kwalbar ta yi kusan mako biyu a wajen sanyi lokacin hutu, kin sani, kin yi jinkirin faɗa, kuma kina neman izinin jera rukunin biyu a takarda ɗaya. Kada ki ce firiza ce ta mutu, don ƙarya ce, kuma ba kya buƙatarta. Ki ce a gida aka cire ta bisa rashin sani, saboda ke ba ki yi bayani ba. Wannan gaskiya ce cikakkiya, kuma babu likkafani a cikinta. Labarin akwati naki ne da Gwaggo, sashenku ba shi da haƙƙi a kansa.

Zai yi faɗa, ki shirya. Wataƙila madallar nan uku ya karɓe abarsa. Amma shi ma ya san hoton wata ɗaya da na wani watan ba a gina magana a kansu, shi ya sa ya ce za a maimaita, murna ce ta sa ya yi gaggawa. Malamin kirki yakan manta ɗalibar da ta ɓata kwalba, ba ya manta wadda ta bar shi ya tsaya gaban tsaransa da sakamakon da ta san akwai shakka a kai. Daga ofishinsa ki wuce wurin Musaddiq ki gaya masa da bakinki. Ɗan abin da gwajin zai ci daga rabonsa shi ne zai gaya masa ko sauran yana da amfani, don haka shi ma ribarsa ce. Ƙawata ta ƙara da cewa idan aka samo wata kwalbar, ku rarraba ta a ƙananan mazubai tun ranar farko, kada duka ta sake kwana wuri ɗaya.

Saura Gwaggo. Kada ki gaya mata yanzu, ki bari amsa ta fito, amma kada ki ɓoye mata har abada. Matar da ta yi miki karatu da ƙuli-ƙuli ba yarinya ba ce da za a riƙa lallaɓawa, kuma gobe ma wani abin za ki kai mata ajiya. Ki zauna da ita ki fara da naki laifin, cewa kin manta ki gaya mata wannan abu sanyi ne akwatinsa. Ki roƙe ta ta dakata da zancen Turawa har a gama. Za ta ji zafi, za ta kuma warke. Ni dai abin da na gani a labarinki shi ne, a duk abin da ta mallaka babu wurin da ya fi ƙarƙashin likkafanin nan daraja, kuma nan ta sa aikinki.

Idan layi ya fito da kauri, ki kai mata hoton ta gani. Idan bai fito ba, ki kai mata gaskiyar. Ko wanne ne, ranar da ruwan ya ƙare ki wanke 'yar kwalbar ki kai mata ta mayar akwatin, a wannan karon zafi ba zai yi mata komai ba.

Allah ya warware miki, ya sa ki gama lafiya, ya ƙara wa Gwaggo Larai nisan kwana. Ki gaishe mini da ita.

Anti Rahmatu